Gwamnati Ta Ceto Kamfanonin Mota Ko Ta Bar Su Su Rufe? Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda rediyo ya kawo labarin wani kamfanin harhaɗa motoci ya sallami ma'aikata, ko masu masana'antu suna kukan gwamnati ta kawo musu ɗauki, sai gardama ta ɓarke a tashoshinmu da garejojinmu, tun daga Ringim da Gujungu har Haɗeja. Direbobi, bakanikai, 'yan kamasho, masu lodin hatsi da dabbobi, kowa da tasa. Tambayoyin da suka fi maimaituwa su na tattara a nan. Matsayina ba sai an lalube shi ba: akwai lokacin da ceto ke zama dole, amma kuɗin jama'a ba abin miƙa wa mai kamfani ba ne haka kawai, kuma yawancin abin da ke kashe kamfanin mota a ƙasar nan tsabar kuɗi ba ta maganinsa.

Me ake nufi idan an ce gwamnati ta ceto kamfani?

Kamfani ne bashi ya yi masa katutu, ciniki ya tsaya, bankuna suka ƙi ƙara masa ko kwabo, saura ƙiris a garƙame shi. Sai gwamnati ta shigo da kuɗin baitulmali ta tare shi. Tana iya ba shi rance mai sauƙi, ko ta tsaya masa a banki a kan idan ya kasa biya ita za ta biya, ko ta sayi hannun jari ta zama ɗaya daga cikin masu shi, ko ta saye bashin da ake binsa.

Mun ga irin wannan a gida. A 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya zuba naira biliyan 620 a bankunan da suka kusa durƙushewa, ya kuma sauke shugabanninsu. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye basussukan da suka maƙale wa bankuna. A riƙe batun sauke shugabannin nan, za mu dawo kansa a amsar sharuɗɗa.

Me ya sa kamfanin mota ke fara jigata idan tattalin arziki ya karye?

Saboda sayen mota abu ne da ake iya ɗagawa. Ba wanda ke ɗaga sayen gero zuwa baɗi, amma mai Sharon da injinta ke hayaƙi zai canja zobe, ya lallaɓa ta wata shekara. Idan dubban mutane suka yi haka a lokaci guda, kasuwar sabuwar mota ta mutu. A Amurka an sayar da motoci kusan miliyan 16 a 2007, amma a 2009 da ƙyar aka haura miliyan 10. Ita kuwa masana'anta, ko mota ɗaya ta fitar a rana, albashi da wuta da bashin injuna suna nan suna jira.

Namu ya fi haka tsanani. Koma-bayan da muka shiga a 2016 da 2020 duk sun zo ne da faɗuwar farashin ɗanyen mai da ƙarancin dala. Mai harhaɗa mota a nan da dala yake sayo kusan komai, da naira yake sayarwa. A daidai lokacin da aljihun mai saye ya bushe, a lokacin ne kuma kuɗin kayan haɗin ke ninkawa.

Ni ba ni da mota, ko babur ɗin ma na haya nake hawa. Ina ruwana?

Da ruwanka, ɗan'uwa, ta fuska biyu. Kuɗin da za a bayar da haƙƙinka a ciki. Sannan duk abin da ka noma sai ya hau mota kafin ya zama kuɗi: kwandon tumatir daga Kadawa zuwa Legas, buhun riɗi zuwa Dawanau, sa daga kasuwar Maigatari zuwa kudu. Tsadar motar da tsadar gyaranta daga farashinka ake cire su.

Leƙa bayan tasha ranar Lahadi a Gujungu. Za ka tarar da J5 an ɗage ta a kan dutse, lodin yana jibge a gefe cikin rana, bakanike ya kwanta a ƙarƙashi, yaronsa na goge wani ƙarfe da magogi don ya shiga gurbin da ba nasa ba, saboda ainihin kayan ya yi tsada ko babu shi. Mai kayan yana tsaye yana duba rana, kasuwa na watsewa. Motar nan ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso mu. Tambayar ko ƙasa za ta riƙe masana'antar mota, a wajenmu tambaya ce ta ko za mu dawwama a kan wannan.

Akwai ƙasar da ta yi ceton ya yi amfani?

Amurka ce misalin da aka fi kawowa. A watan Nuwamban 2008 shugabannin General Motors da Ford da Chrysler suka je majalisar dokoki neman taimako, kowa a jirginsa na alfarma, abin da ya fusata jama'a ƙwarai. A Disamba Shugaba George W. Bush ya amince da rancen dala biliyan 17.4 ga General Motors da Chrysler. Da Barack Obama ya hau sai ya tsananta. A watan Maris na 2009 aka tilasta wa shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka. Chrysler ta shiga kotun kamfanonin da suka karye a ƙarshen Afrilu, General Motors ta bi ta ranar 1 ga Yuni.

Abin da ya faru a kotun shi ne mutane ba su cika faɗa ba. Tsofaffin masu hannun jarin General Motors sun tashi a tutar babu. Waɗanda ke bin ta bashi sun yi asara mai yawa. Ƙungiyar ma'aikata ta haƙura da wasu haƙƙoƙinta. An rufe masana'antu, an daina ƙera Pontiac da Saturn da Hummer. Gwamnati ta karɓi kusan kashi 61 cikin 100 na sabon kamfanin. Chrysler kuma aka damƙa ragamarta ga Fiat ta Italiya. Ke nan ba masu kamfani aka ceta ba, aikin aka ceta.

Ford ba ta karɓi wannan kuɗi ba, don tun 2006 ta jinginar da kadarorinta ta ciwo bashin fiye da dala biliyan 23. Duk da haka shugabanta ya goyi bayan a ceto abokan hamayyarsa, domin masu yi musu kayan haɗi ɗaya ne. In biyun suka faɗi, mai yin birki da mai yin kujera za su rufe, ita ma Ford ta rasa inda za ta saya.

To kuɗin ya dawo?

Bai dawo duka ba. An zuba kusan dala biliyan 80 a masana'antar, an yi asarar wajen biliyan 9. A General Motors kaɗai gwamnati ta sa biliyan 49.5, ta sayar da hannun jarinta na ƙarshe a Disamban 2013 da giɓin fiye da biliyan 10, sai ribar da aka samu a wani ɓangaren na ceton ta rage jimillar asarar. Masu goyon baya na cewa da an bar su sun rufe, harajin da za a rasa da kuɗin tallafa wa marasa aiki sun fi haka. Ina ganin suna da hujja. Faransa kuwa a 2009 ta ranta wa Renault da Peugeot yuro biliyan 3 kowanne, bisa sharaɗin kada su rufe masana'anta a cikin ƙasar, kuma sun biya kafin wa'adi.

Akwai inda aka zuba kuɗin amma kamfanin ya mutu?

Akwai. Birtaniya ta karɓe kamfanin motoci na British Leyland a 1975, ta yi shekaru tana ɗura masa kuɗi. Motocinsa ba su da ingancin na Jamus da Japan, yajin aiki kuma ba ya ƙarewa. Aka yi ta sauya masa suna da masu shi, har abin da ya rage, MG Rover, ya rufe a 2005, mutum kusan 6,000 suka rasa aiki. Ostireliya ma ta daɗe tana tallafa wa masu ƙera mota, amma kasuwarta ƙarama ce, kuɗin aiki da tsada. Ford ta rufe a 2016, Toyota da Holden suka bi a 2017. Waɗannan ba karayar tattalin arziki ce ta kayar da su ba, ciwonsu ya girme ta. Duba amsar yadda ake gane wanda ya cancanta.

Mu a Najeriya muna ƙera mota ne ma, balle a yi zancen ceto?

Harhaɗawa muke yi, kuma mun taɓa yin nisa. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu 6: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, sai NTM a kan titin Zariya a Kano, inda ake haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. Ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma a lokacin ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗinta daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Dattawan tasha suna tuna lokacin da malamin makaranta ke karɓar rancen mota ya fito da Fijo 504 sabuwa dal. Ita ce motar gwamna, ita ce ta haya, kuma kowane bakanike ya san cikinta.

Abin da ya karya su sananne ne. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, naira da ta taɓa fin dala daraja ta rikito. Albashi ya daina isa sayen sabuwa, sai Beljiyam, wato tsohuwar motar Turai, ta hanyar Kwatano ta cika gari. Gwamnatoci da kansu suka koma sayen na waje. Ƙarfen Ajakuta da aka sa rai bai taɓa fitowa ba. Michelin ta daina yin taya a nan a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008.

Yau akwai Innoson a Nnewi, da sabon kamfanin Peugeot na Ɗangote a hanyar Kaduna zuwa Abuja wanda ya fara fitar da mota a 2022, da wasu. Sai dai a lura da bambanci. Akwai mai walda gangar jiki da fenti a nan, akwai kuma wanda motar ke iso masa a kwantena kusan a haɗe, ya ɗaura tayoyi da fitilu da kujeru ya ce ya harhaɗa. Na biyun ɗan kasuwa ne mai neman rangwamen kwastan, kuma ban ga dalilin ceto shi ba.

Ba an taɓa ceto Fijo ta Kaduna ba?

An yi wani abu mai kama da haka. Gwamnati ta sayar da kasonta ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya taru, AMCON ta karɓe kamfanin a 2012, ta riƙe shi har 2020 kafin ta sayar wa wasu masu zuba jari. Ƙofa ba ta rufu ba, wannan gaskiya ne, amma bai koma ko kusa da yadda yake a da ba. AMCON an kafa ta ne don ƙwato bashi da kare bankuna, ba don farfaɗo da sana'ar mota ba. Bashin ya sauya hannu, amma tsadar dala da rashin wuta da rashin mai saye suna nan inda suke.

Masaƙu ma sun ba mu darasi. Wajen 2010 aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa. Wanda ya zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai a yau ya san yawancin masaƙun ba su tashi ba. An ba su rance alhali janareto ke juya injin, atamfar fasa-ƙwauri kuma na shigowa a farashin da ba za su iya karawa da shi ba.

Yaya za a gane kamfanin da ya cancanci ceto?

Manomi ya san bambancin san noman da rani ya ramar da wanda ciwo ya ci. Na farko harawa da dusa yake buƙata ya kai damina, zai ja garma. Na biyu ko ka ƙarar da rumbu a kansa ba zai tashi ba. Haka za a duba kamfani. Kafin matsin ya zo, yana sayar da mota ga mutanen da suka zaɓe ta da kansu, ko kwangilar gwamnati kaɗai ke riƙe da shi? Mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa da gaske, har da masu yi masa batir, gilashi, wayoyi da kujeru? In ya rufe, akwai ƙwarewar da za ta watse wadda sake tara ta sai an yi shekaru?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a wajena. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, a General Motors ya zana motar Chevrolet Volt, kafin ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Irinsa suna nan a makarantun fasaha na Kazaure da Wudil. Idan babu masana'antar da za ta ɗauke su, wata ƙasa ce za ta ci moriyarsu.

Ba gara a sa kuɗin a taki, asibiti da rijiyar burtsatse ba?

Sau da yawa, gara hakan. A ƙasar da masana'antar mota ke ɗauke da ɗaruruwan dubban ma'aikata, barinta ta faɗi yana ruguza garuruwa. Tamu ba ta kai nan ba, kuma nairar da aka sa a noman rani a kwarin Haɗeja ta fi saurin samar da aiki. Shi ya sa ba na goyon bayan kyauta ko yafe bashi. Abin da nake goyon baya shi ne kuɗin da ke dawowa, da kuɗin da dama za a kashe shi, kamar yadda ke cikin amsar wasu hanyoyin.

Harajin da ake ɗora wa motocin waje, ba shi ma ceto ba ne?

Ceto ne, sai dai daga aljihun mai saye yake fita kai tsaye. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da tsarin da ya ɗora harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe, don a kare masu harhaɗawa. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Sannan dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin nan zuwa kashi 5.

Dubi abin da wannan ya haifar. Direban Gumel ya sayi tsohuwar mota da tsada, bai kuma sami sabuwa mai araha ba. Wanda ya amince da tsarin 2013 ya kafa masana'anta, shi ma an sauya masa doka a tsakiyar tafiya. Ba mai narka biliyoyi a ginin da zai ɗauki shekara 10 kafin ya dawo da uwar kuɗi, in bai san abin da kasafin baɗi zai zo da shi ba. Tsayayyar doka ta fi wa masana'anta amfani a kan rancen gaggawa.

In har za a yi ceton, da waɗanne sharuɗɗa?

Masu kamfanin su fara ɗanɗana asarar. Ba daidai ba ne riba ta zama tasu a shekarun daɗi, asara ta zama ta jama'a a shekarun wuya. Gwamnati ta karɓi hannun jari ko jingina daidai da abin da ta sa, shugabannin da suka kai kamfanin ga ramin su sauka, kamar yadda aka yi wa bankuna a 2009 da General Motors. A hana rabon riba da garaɓasar manya har sai an biya. A buga adadin kuɗin da sunan wanda ya karɓa, a sa ranar da gwamnati za ta janye.

Zan ƙara guda biyu da suka shafe mu. A wajabta wa kamfanin ƙara yawan kayan da yake saye a gida kowace shekara, a kuma aika masu duba na gaskiya. Sannan ya yi motar da ake buƙata: a-kori-kura mai jure hanyar burji, bas ta haya, ƙaramar tarakta. Ba jif ɗin da sai mai riƙe da muƙami ke iya saye ba.

Akwai wata hanyar taimako ban da miƙa wa kamfani kuɗi?

Akwai, kuma ta fi. Gwamnatocin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi 774 suna sayen motoci duk shekara: na asibiti, na 'yan sanda, na makarantu, na jami'ai. Tun 2017 akwai umarnin fadar shugaban ƙasa cewa a fifita kayan gida, amma a 2023, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafin mai, 'yan majalisar tarayya suka sayi jif-jif na waje. Da an bi umarnin nan kaɗai, kuma ana biyan kuɗin kwangila a kan lokaci, da kamfanoni da dama ba su nemi ceto ba.

Hanya ta biyu ita ce a ƙarfafa mai saye. Jamus a 2009 ta ba da yuro 2,500 ga duk wanda ya miƙa motar da ta kai shekara 9 aka rugurguza ta, ya sayi sabuwa. Namu salon ba sai ya zama haka ba. Direbobinmu sun saba da balas: mai A Daidaita Sahu yana kai wa mai shi kuɗi kullum har ya mallaka. A ba ƙungiyar direbobi ko ta manoma motar da aka haɗa a gida, su biya a hankali cikin shekara 4 ko 5, ƙungiya ta tsaya wa ɗanta. Kamfani ya sami ciniki, mota ta iso ƙauye, kuɗi ya dawo. Inda irin wannan ke lalacewa shi ne idan aka mai da shi rabon siyasa, wanda ya karɓa ya ɗauka kasonsa ne ba bashi ba.

Irin wannan bashin ba riba ba ce, wato kuɗin ruwa?

Ba dole ba ne. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen motar su sayar maka da ƙarin da aka yanke tun farko, ko su ba ka haya har ka mallaka. Duk shirin da aka yi don Kano da Jigawa ba tare da wannan ƙofa ba, mutane da yawa za su guje shi. Kafin ka sa hannu, kai takardar wajen malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka tambaya musamman a kan tarar jinkirin biya.

In na sayi motar da aka haɗa a gida, kamfanin ya rufe, ina zan sami kayan gyara?

Tsoron nan yana kan hanya, kuma shi ke hana direbobi da yawa saye. Abin dubawa ba sunan da ke goshin motar ba ne, injin da giyar da ke cikinta ne. Yawancin masu harhaɗawa daga wasu manyan kamfanoni suke sayo su, galibi na Sin ko Japan, kuma sau da yawa injin iri ɗaya yana cikin wasu motocin da ke yawo a hanya. Ka tambayi dillali sunan injin da lambarsa, ya rubuta maka.

Sannan, Malam, kafin ka biya ko sisi, ɗauki bakanikenka ku shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano da wannan lambar. Ku nemi filta, takalmin birki, kulochi, famfon ruwa da fitilar gaba. In kun same su a shago fiye da ɗaya, ko kamfanin ya rufe motarka za ta ci gaba da aiki. In kowa ya ce sai an yi oda daga kamfani, ka nemi a rubuta maka garanti da adireshin garejinsu mafi kusa, ka kuma lissafa kwana nawa za ka iya ajiye motar ba lodi alhali balas na jiranka.